Minti Arba'in a Bayan Kantar Injiniya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga babbar yayarsa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufinku. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya raya yaran, ya ba Inna sauƙin gwiwar nan, ya sa ciwon ya zame mata kaffara. Na ji an yi mata sabon tabarau ta ƙi sawa, wai tun da ta gwada shi ta ga kowa a gidan ya tsufa. Ku ƙyale ta, ni ma da zan samu wanda ke rage gani da na saya. Na kuma ji autarki ta ci jarrabawa, Allah ya sa albarka. Jikarki ta nan tana lafiya ƙalau. Sau ɗaya na gan ta, tana da kwana tara, kuma hancinki ne a fuskarta babu ragi.

Na zaɓi in rubuto ne saboda yadda wayarmu ta ranar Juma'a ta ƙare. Sau uku kina tambayata me ya haɗa ni da yaron nan ɗanki, sau uku ina fara amsa kina katse ni, har layin ya gaji ya katse mu duka. A waya wanda ya fi ɗaga murya shi ke da gaskiya, ni kuma kin san ban taɓa iya ɗaga miki murya ba. Shekara goma sha bakwai na yi ina tace labarai a gidan jarida, don haka bari in yi abin da na iya. Zan jero miki abin da ya faru bi da bi. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini. Idan na gama rubutawa zan ɗauki hoton shafukan in turo miki ta waya, domin akwai abin da nake so ki yi mini gobe, ba jibi ba.

Sai kin fara sanin katin da nake zaune da shi a nan kafin sauran maganar ta yi ma'ana. Ku a gida kuna cewa na samu takardu, kamar wani abu ne da aka damƙa mini ya zama nawa. Ba haka ba ne. Shekara biyu na yi ina neman aiki kafin in zo, kin sani, domin a ɗakinki nake cajin waya ina cike fom. Wuri sittin da wani abu na rubuta wa. Takardun makarantata ba su san su ba, shekarun jaridata kuwa ko tambaya ba wanda ya yi. Maɗaba'ar da ta ɗauke ni sai da ta yi wata uku tana tallar gurbin, ta kai wa hukuma shaida cewa babu ɗan ƙasa ko ɗaya da yake son tsayuwar awa takwas gaban injin yankan takarda, sannan aka yarda a kawo baƙo. Wato abin da ya ba ni aikin shi ne babu mai so. Katin da aka ba ni layi uku ne masu muhimmanci: sunana, sunan maɗaba'ar, da sunan aikin. An yarda wannan mutum ya yi wannan aiki a wannan wuri, shi ke nan. Idan na share ƙofar maƙwabciyar maɗaba'ar, na fita daga katin. Alkawarin da ke ciki shi ne, wanda ya cika shekara biyar a jere babu tabo, za a ba shi izinin zama na dindindin, ya yi aikin da ya ga dama, ya kuma kawo iyalinsa. Saboda wannan alkawari na jure. Na yanka takardun littattafan da ban isa in gyara ko waƙafi a cikinsu ba, na yanka katunan gayyata da takardun tallar magani, yatsuna goma suna nan cif, ban taɓa makara ba. Ranar da abin ya faru ina da shekara huɗu da wata huɗu da 'yan kwanaki.

Shagon ɗanki kin gan shi a hoto, amma hoto yana ƙara masa faɗi. Wani siririn wuri ne tsakanin mai aski da gidan wanki, mutum uku suka shiga ya cika. Akwai kanta ta gilashi da wayoyi a ciki, bango guda an rataye caja da abin saurare, sai kujera mai yagaggen soso a bayan kantar da wata ta roba a gabanta. Ta robar ce tawa. Kowace Asabar nakan je da hantsi in zauna a kai, ya dafa mana shayi a ɗan butarsa, yana kwance wayar mutane da ɗan sukundirebansa muna hira. Shi ne awa biyun da nake jin Hausa a mako. Yakan tsokane ni wai Kawu Edita ya koma mahaucin takarda, in ce masa gara ni, shi tun yana shekara shida da ya farke rediyon Malam muka sa masa Injiniya, kuma har yau bai mayar da ita ba. Ba na so ki ɗauka ban ji daɗin yaron nan ba. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, a falonsa na kwana sati uku.

Asabar ɗin da nake magana, makonni goma sha ɗaya ke nan, ko rabin kofin ban sha ba matarsa ta kira. Naƙuda ta zo mata sati uku kafin lokaci, ita kaɗai a gida. Ya miƙe yana neman makullin mota alhali yana hannunsa. A bakin ƙofa ya jefo mini makullin shago, ya ce Kawu riƙe mini, akwai mai zuwa karɓar wayarsa ƙarfe sha ɗaya, tana cikin aljihun tebur na biyu, in wani ya zo sayen ƙaramin abu kuɗin yana jiki. Kalmominsa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Yaya, ki gaya mini wane ne a zuriyarmu za a ce wa riƙe mini ya tsaya tunani? Ke kin riƙe wa maƙwabciya teburinta, ni na riƙe wa Baffa shagonsa ina ɗan firamare, ko baƙon da ya tsaya tambayar hanya akan bar wa shago a je a dawo. A wurinmu wannan ba aiki ba ne, ko sunan taimako ma bai kai ba. Na tashi daga kujerar roba, na zagaya, na zauna a ta soso. Taku huɗu ne.

Mai wayar ya zo na ba shi. Wata mata ta sayi caja, na karɓi kuɗi na ba ta rasit. Na uku da suka shigo mutum biyu ne, mace da namiji, da jakunkuna a kafaɗa. Na tashi na yi musu maraba da yarensu kamar yadda na ji Injiniya yana yi, har ina jin daɗin yadda lafazina ya fita. Sai suka nuna katinsu. Ma'aikatan duba ayyuka ne, suna bin layin shago bayan shago, sun fito daga wurin mai aski ke nan. Ba su yi tsawa ba, ba su taɓa ni ba. Suka nemi katina na ba su da hannu biyu, domin ni a lokacin alfahari nake da shi. Namijin ya karanta, ya dubi allon shagon, ya sake duban katin. Suka tambaya ko a nan nake aiki, na ce a'a, riƙe wa ɗan yayata nake yi, ya kai matarsa asibiti. Ko ana biyana, na ce wa zai karɓi kuɗi a hannun ɗansa. Ko na sayar da wani abu yau, na ce caja ɗaya, ga ma kwafin rasit. Sai macen ta tambaya ko wannan ne karo na farko.

A nan na yanka kaina da hannuna. Da na ce e, da babu mai ƙaryata ni. Amma na tsaya na ƙirga a zuci, ranar da ya je banki, ranar da ya bi wani kaya tashar jirgi, da sauransu, na ce mata sau shida a shekara huɗu, kuma babu wanda ya kai awa guda. Ta ɗaga bironta daga takarda, ta dube ni, ta ce in yi tunani da kyau, na tabbata abin da nake so ta rubuta ke nan? Ni kuma na ɗauka shakkar lissafina take yi. Har na ɗan ji haushi. Na ce mata ƙwarai, shida ne, ba biyar ba, ba bakwai ba. Sai da na kwana biyu na gane ƙofa matar nan ta buɗe mini, ni kuma na rufe ta da ƙafata. Suka ba ni takardar na karanta sau biyu, kamar yadda na saba karanta duk abin da zai ɗauki sunana. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na sa hannu. Daga fitar Injiniya zuwa fitarsu minti arba'in ne, na duba agogo.

Ranar Litinin na je wurin wata lauya da ƙungiyar ma'aikata ta haɗa ni da ita, dattijuwa mai shan shayi ba sukari, ofishinta cike da fayil har kan taga. Da ta kai wurin sau shida sai ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta ce ta yi shekara ashirin tana roƙon mutane su daina yi wa hukuma ƙarya, yau ga wanda za ta roƙa ya rage gaskiya. Ta bayyana mini cewa dokarsu ba ta tambayar ko an biya ka. Idan ka tsaya inda ma'aikaci zai tsaya, ka yi abin da ma'aikaci zai yi, ka yi aiki. Sau ɗaya kuskure ne, sau shida ɗabi'a ce. Amma ta ce akwai hanya. Idan mai shagon ya rubuta takardar rantsuwa cewa ni kawunsa ne, shi ya roƙe ni cikin gaggawa, ya haɗa da takardar asibiti mai nuna lokacin da aka karɓi matarsa, sannan ya zo da kansa ranar sauraro ya faɗa da bakinsa, ta ga irin wannan ya ƙare da gargaɗi kawai. Na tambaye ta shi me zai same shi. Ta ce za a ci shi tara, wadda shagon zai iya ɗauka, da tabo a fayil ɗinsa wanda zai iya jinkirta masa takardar zama ɗan ƙasa da yake nema, wataƙila shekara biyu. Ba za a rufe shagon ba, ba za a kore shi ba, domin shi zamansa ta hanyar aure ne, ba ya rataye a wuyan kowa. Na rubuta miki wannan dalla-dalla ne don ki san nauyin abin da na roƙa. Ban ce ba shi da nauyi ba.

Da na fara gaya masa, a harabar asibiti, ya riƙe hannuna ya ce Kawu ko jinina kake so ka ɗiba, takarda kuma ai abu ne mai sauƙi. Bayan sati ya ce bari mai jego ta ɗan warware. Bayan sati biyu ya ce akwai wani lauyan dangin matarsa da yake so ya gani tukuna. Daga nan waya ta fara shiga ba a ɗauka, sai saƙo ya biyo baya wai yana tare da kwastoma. Na ba shi uzuri har uzurin ya ƙare mini. A sati na biyar na tafi shagon. Na tarar an ɗauke kujerar roba. Na matsa kusa don kada mai askin ya ji mu, na dafa gefen kantar, sai ya ce, da murmushi, don Allah Kawu in ɗan tsaya ta can waje, kar a sake samun matsala. Na tsaya ta can waje. Ya yi ta magana yana kallon wayar da yake gyarawa, wai in fahimce shi, yanzu shi uba ne, shekara tara yana gina abin nan, kuma ai ni na jawo da na tsaya ƙirga musu kamar ana tambayata kanun labarai, wa ya aike ni? Na ce masa wannan gaskiya ne, kuskurena ne, amma ba shi nake tambaya ba. Tambayata ita ce zai rubuta abin da ya faru ko ba zai rubuta ba. Ya ce ai ya riga ya amsa wa hukuma tasu takardar, lauyansa ya ce kada ya ƙara komai a kai.

Abin da ya amsa musu na gan shi da idona, domin an aiko wa lauyata kwafi. Layi biyar ne da sa hannunsa. Ya ce ya ba ni makulli ne in kulle shagon in tafi, bai umarce ni in sayar da komai ba, kuma ba shi da masaniyar cewa na taɓa tsayawa a bayan kantarsa kafin wannan rana. Kalmar kawu ba ta ciki. Ya kira ni wani sananne da ke yawan ziyartar shagon. Yaya, ni na goya yaron nan zuwa asibiti ranar da ya haɗiye batir. Na karanta rubuce-rubucen ƙarya da yawa a rayuwata, na manyan mutane ma, kuma na san wanda lauya ya tsara. Wannan lauya ne ya tsara shi. Amma hannun da ya sa a ƙasa na san shi, ni na koya masa riƙe biro.

A wannan tsakanin maɗaba'a ta dakatar da ni. Manajarmu mutuniyar kirki ce, ta rubuta mini takardar yabo shafi guda, ta ce a shekarunta ba ta ga wanda injin ya yi wa biyayya kamar ni ba. Amma ta ce muddin maganar tana gaban hukuma ba ta isa ta bar ni in taɓa ko tsintsiya ba, in ba haka ba ita ma za a hana ta ɗauko baƙi. Ta karɓi katin shiga da safar hannu, ta raka ni har ƙofa. Kin ga kowa a nan yana da abin da yake tsoron rasawa, kuma kowa yana ba ka haƙuri da ladabi yayin da yake rufe ƙofar.

Ranar sauraro Talata ce, sati biyu da suka wuce. Ɗaki ne a hawa na uku, babu taga, tebur ɗaya da kujeru huɗu da jug ɗin ruwa. Jami'in da ya saurare mu ba zai girmi Injiniya ba. Na aika wa ɗanki rana da lokaci da lambar ɗaki har sau biyu, saƙon ya nuna ya karanta. Lauyata ta roƙi a jira minti goma, aka jira. Kujerar ta huɗu ta zauna babu kowa har muka gama. Jami'in ya saurare ni bai katse ni ba, ya ce fayil ɗina yana cikin mafi tsabta da ya gani, kuma shi a ransa ya yarda da ni. Sai dai a gabansa akwai takarda biyu, tawa mai cewa sau shida, da ta mai shago mai cewa bai sani ba, kuma duka biyun ba su taimake ni ba. Daga nan ya rufe fayil ɗin ya ce akwai wata hanya da doka ta ba shi ikon gaya mini. Idan na shigar da ƙara cewa mai shagon yana sa ni aiki a kai a kai ba tare da rajista ba kuma ba ya biyana, to na tashi daga mai laifi na koma wanda aka ci da gumi. Za a ba ni izini na musamman a matsayin shaida, kwanakina su ci gaba da ƙirguwa, in cika shekara biyar ɗina. Shi kuma za a rufe shagonsa, a kai shi kotu. Ya turo mini fom ɗin, ya ce in fita in yi shawara minti goma sha biyar.

To ga asalin maganar da ta iso miki cewa Kawu yana so ya kai yaro kotu. Lauyata ce ta gaya wa lauyansa tun kafin ranar cewa irin wannan tayi yana iya zuwa, don ta tsorata shi ya zo. Bai zo ba, sai ya kira ki. Ba zan yi miki ƙarya ba, na zauna a bencin barandar nan da fom a cinyata, kuma na cire murfin biro. Lauyar ta ce ita ba za ta ce in yi ba, ba za ta ce kada in yi ba, amma in tuna shi bai yi shawarar minti goma sha biyar a kaina ba. Na tuna matata Malama da yaran. Na duba fom ɗin na ga rabin abin da ke ciki ma gaskiya ne, na tsaya a kantar, ba a biya ni ba. Sauran rabin ne ƙarya, kuma ƙaramar ƙarya ce idan aka gwada da tasa. Na mayar da murfin, na koma ciki na ajiye masa fom ɗinsa babu komai a kai. Kada ki gode mini, don Allah. Ba don tausayinsa na bari ba, a wannan lokacin babu ɗigon tausayinsa a raina. Ban kuma tabbata na yi daidai ba, domin ba ni kaɗai zan biya ba, kuma waɗanda za su biya tare da ni ban shawarce su ba. Na dai kasa ne. Hannuna ya ƙi.

Hukuncin ya zo ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin wayarmu. An soke izinin aikina. An ba ni kwana talatin in bar ƙasar da ƙafata, kuma ba zan sake neman shigowa ba sai bayan shekara uku. Lauyar ta ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma ba tare da sabuwar shaida ba ɓata lokaci ne, kuma wannan shaidar, mutum ɗaya ne ke da ita. A ranar da aka buga hatimin, wata biyar da kwana goma sha ɗaya suka rage mini. Lokacin da kike ce mini in ji tsoron Allah in tuna zumunci, takardar tana kan gwiwata.

Ba na neman a tara dangi, ba na so a kira shi a sa shi kuka a waya ya ba ni haƙuri, kuma na roƙe ki kada ki yi masa baki. Ɗanki ne, yana da jaririya, kuma tsoro ne ya yi masa yawa. A nan tsoron takarda yana shiga mutum har ya manta wanda ya haife shi, na ga haka a wurin mutane da yawa kafin in gani a gida. Na fahimci dalilinsa sarai. Fahimta dai ba yafiya ba ce, kuma kada kowa ya gaggauta ni.

Ga abin da nake roƙo. Malama ba ta san komai ba. Makonni goma sha ɗaya ina ce mata aiki lafiya, domin ina sa ran abin zai wuce da gargaɗi in ba ta labari muna dariya. Ita kuwa tana can tana shiri. Ta yi wa yaran fasfo, tana zuwa ajin koyon yaren nan kowace Asabar, 'yarmu takwararki har ta iya ƙirga ɗaya zuwa ɗari tana karanta mini a waya. Mafi muni, ta gaya mini ta rubuta takardar ajiye aiki, za ta miƙa wa shugaban makarantarsu ranar Talata don a samu wanda zai karɓi ajinta kafin sabon zango. Shekara goma sha huɗu tana koyarwa a wurin. Idan takardar nan ta shiga, gidana zai wayi gari babu mai aiki ko ɗaya. Ni zan gaya mata da bakina, ba na ɗora wa kowa wannan. Amma ba na so ta ji ita kaɗai a ɗaki da waya a kunne da yara suna kallonta. Ki je gobe Litinin bayan an tashi makaranta, ki tura yaran gidan Gwaggo, ki zauna kusa da ita, sannan ki kira ni. Ki fara karɓe takardar daga jakarta kafin komai.

Na san akwai waɗanda suka fi ki kusa da gidan, kuma na san abin da nake ɗora miki. Za ta tambayi dalili, Yaya, kin san ta, ba ta barin tambaya a rabi. Ni kuma zan amsa mata kamar yadda na amsa wa matar nan mai biro, ba ragi ba ƙari, har da taku huɗun da na yi da ƙafata, har da layi biyar ɗin da ɗanki ya sa wa hannu, har da fom ɗin da na mayar babu komai a kai. Wataƙila wannan na ƙarshen ne ba za ta yafe mini ba. Ina so ki kasance a wurin ta samu wanda za ta kalla. Idan ba za ki iya ba, ki gaya mini yau, ba zan riƙe ki ba, sai in nemi Gwaggo.

Ki gaishe mini da Inna, amma kada a gaya mata tukuna, a bari sai na sayi tikiti a ce mata hutu na zo. Ki gaishe da Malam, ki ba shi wannan takarda ya karanta idan kin ga dama, babu abin da na rubuta da zan ji kunyar ya gani. Gaisuwa ga Baffa da iyalinsa, da Gwaggo, da Hajiya ta gidan bene, da autarki mai jarrabawa, da Direba idan ya dawo daga tafiya. Injiniya kuma sai dai ke ki gaishe mini da shi. Titi huɗu ne tsakanina da shagonsa, amma yanzu kin fi ni kusa da shi.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa in same ku lafiya. Ina jiran kiranki gobe.

Ƙaninki,
Edita